Yanar Ido: Wane Gilashi Za A Dasa Maka?



Ni mai magani ne, amma gaskiya ɗaya ce: zuma, kwalli da habbatus-sauda ba sa cire yanar ido. Madubin cikin ido ne ya dushe, sai likita ya cire shi ya dasa na roba. Ka guji masu soke ido da allura a gida, sau da yawa makanta ke biyo baya.

Na robar iri-iri ne. Wanda aka fi dasawa yakan gyara ganin nesa, karatun Alƙur'ani kuwa sai da tabarau. Akwai wani da Amurka ta amince da shi a 2017, wanda bayan ido ya warke likita ke haska shi ya daidaita ƙarfinsa. Amma fa akwai tsada, da komawa asibiti sau da dama, da sa tabarau mai kare hasken rana har a kammala.

Ka faɗa wa likita sana'arka: tuƙi, ɗinki ko karantarwa? In kana da ciwon suga, kada ka ɓoye. In aljihu bai kai ba, na farkon ma ya wadatar.

Allah Ya ƙara lafiya. A tura wa dattawanmu.