Kainuwa da Lissafin Ninki

Kowa ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ya ga kududdufai, watau ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Sau da yawa kainuwa takan rufe su, akwai kuwa wani irin sauro wanda 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwarta. To, 'yan'uwa, akwai darasin lissafi a nan.

A ce kainuwa ɗaya tana zama biyu kowane mako. Ja layi a kwance bisa takarda domin makonni, ka ja wani a tsaye daga hagu domin yawanta. Sa ɗigo ga 1, 2, 4, 8, 16, ka bi haka, sa'an nan ka haɗa ɗigon. Da fari layin zai kwanta kamar ba ya motsi, daga baya ya miƙe sama. A mako na 10 ya kai 1,024.

Yanzu mu sāke shi ta hanya uku. In akwai bado 50 a ruwan, ba ya ƙaruwa, muka ƙirga shi tare da ita, layin duka zai ɗaga sama da 50, siffarsa ba ta sāke ba. In sanyi ya sa sai mako biyu ta ke ninkuwa, layin zai buɗe zuwa dama, ba zai kai 1,024 ba sai mako na 20.

Ta uku ita ce abin lura. In da 8 muka fara maimakon 1, sai a zaci wani sabon layi za a samu. A'a, na farkon nan ne ya matsa hagu da mako uku, gama da ma a mako na 3 ya ke kai 8. Watau ninka yawan da matsar da lokacin duk abu guda ne.

Saboda haka, in mutanen unguwa suka yi gayya suka kwashe rabin kainuwar, mako ɗaya tak suka samu. In suka bar kashi ɗaya cikin takwas, mako uku. Kududdufin da ya rufe yau kuwa, makon jiya rabinsa ruwa ne fili. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi: a kwashe ta duka, tun layin yana kwance.