Tsohon alƙalami mai shan tawada: salkarsa ce ke mutuwa

Duk wanda ya zauna bencin lakkol kafin bik ya ci gari bai manta da tawadar nan shunayya da bakin ƙarfe na Sergent-Major ba, balle alƙalami mai shan tawada da ke maƙale ga aljihun mushe. Bik ɗin Marcel Bich ya fito a 1950, a 1965 kuma hukumar Faransa ta yarda ƴan lakkol su yi rubutu da shi. Tun daga nan tsofaffin alƙaluma suka koma ƙasan akwati, da yawa suka ƙare a juji, don an ɗauka sun mutu.

Amma a Amurka da Turai akwai masu bin kasuwannin gwanjo suna tsinto su. Wasunsu ba su damu da masu bakin zinari ba, na talaka suke nema, irin wanda akawu da ɗan makaranta suka riƙa. Cikin waɗannan, Esterbrook ne ya fi farin jini. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Esterbrook, shi ya kafa kamfanin a 1858 a garin Camden na jihar New Jersey. A shekarun 1930 kamfanin ya fid da alƙalamin da ake saida dala guda ta Amurka, daga baya ya kawo samfurin J, wanda ya cika makarantu da ofisoshi a shekarun 1950. Bakinsa na ƙarfe ne marar tsatsa, kuma murɗe shi ake a cire, a murɗa wani. Kowane baki da lambarsa: 2556 na rubutu siriri, 2668 matsakaici, 9128 mai lanƙwasa, wanda layinsa ke faɗaɗa in an danna.

Abin da masu gyara suka sani, mai jefarwa bai sani ba, shi ne ba kasafai bakin ke lalacewa ba. Cikin gangar alƙalamin akwai wata ƴar salka ta roba. In an ɗaga ƴar sandar da ke gefe, sai ta matse salkar. In an sake ta, salkar ta kumbura ta zuƙi tawada. Walter Sheaffer ya yi rajistar wannan dabara a 1908. Da shekaru suka tura, roba kan bushe ta yi tauri, ta farfashe, zafi kuwa hanzarta abin yake yi. Wanda ya kwana shekara arba'in cikin akwatin ƙarfe a Damagaram, ba sai an buɗe ba.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so, kuma a nan ne mafi yawan alƙaluma ke halaka. Sai an raba wuya da ganga, su kuwa sun daɗe da kamewa. Mai garaje ya sa filaya ya murɗa, ganga ta tsage, shi ke nan. Gwani ɗumama wurin yake da iska mai ɗumi, yana tabawa da yatsa, yana jijjigawa sannu sannu. Ba a kai shi kusa da wuta, don robar alƙaluma da yawa na wancan zamani kamawa take nan take. Ruwan zafi da alkol su ma ɓata ta suke. In wuya ya fita, a kankare busasshiyar salka, a yanka sabuwa daidai tsawon ganga, lamba 16 ga samfurin J, a manna ta da shalak, wani danƙo da ƙwari ke yi a itatuwan Indiya. Ba a sa gam mai kamawa har abada, domin wata rana wani zai sake buɗewa. Bayan kwana guda a barbaɗa mata hodar talki marar turare, a mai da ita.

Saura tawada. Tawadar allo da ƙaro a cikinta, ta Sin ta masu zane ita ma da danƙo. Kowace ta bushe cikin siririyar hanyar da ke ƙarƙashin baki, ta toshe ta. Su dai na alƙalamin gamba da na tsomawa ne. Wannan kuwa tawada mai ruwa ruwa yake sha, irin ta Waterman ko Parker, kuma kafin a ajiye shi a zuƙa masa ruwan sanyi a fesar, har ruwan ya fito fari.