Man melatonin: abin da mai tebur ya kamata ta sani kafin ta saro

Kowace shekara da sunan da ke tashe a harkar man shafawa. Yanzu a wayoyin mata, cikin WhatsApp da TikTok, ana ta tallar man da aka ce yana da melatonin, wai yana goge tamoji ya maida fuskar ƴar shekara 50 ta budurwa. Duk abin da ya yi tashe a Kano kuwa, ba ya daɗewa sai ya biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa ya sauka Maraɗi, daga nan ya iso teburan Dakoro. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi maganarsa tun kafin wata ta zuba jarinta a ciki.

Melatonin ba baƙon abu ba ne ga jikin ɗan Adam. Wata ƴar tsoka cikin ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi in dare ya yi, shi ne ke sanar da jiki lokacin kwana ya zo. Wani lokotoron fata na Amurka, Aaron Lerner, shi ya gano shi a 1958. Ga abin dariya: ya ga sinadarin yana sa fatar kwaɗo ta yi haske, sai ya yi fatan zai yi amfani wajen cututtukan launin fatar mutum. Aka gwada, bai yi ba. Don haka duk wanda ya ce muku man melatonin yana sa fari, ku tambaye shi ko kwaɗi yake saida wa.

To, batun tamoji fa? Nan akwai ƴar gaskiya. Masana sun tabbatar melatonin yana rage ɓarnar da hasken rana ke yi wa fata, musamman in an shafa shi kafin a shiga rana. Amma gwajin da aka yi ga mutane kaɗan ne. Wanda aka fi ambato shi ne na ƙasar Italiya a 2018: mata 22 aka shafa wa man a gefe ɗaya na fuska har wata 3, aka ga tamojin gefen ido ya ɗan ragu. Mata 22 ko layi ɗaya na kasuwarmu ba su cika ba, kuma ɗaya daga cikin masu binciken ma'aikacin kamfanin da ke yin man ne. A ganinmu wannan bai kai a cire jika goma daga kuɗin adashe ba.

Abin da ya fi tsufar da fuska rana ce. A Ostireliya an bi mutum 903 har shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamako a 2013: masu shafa man kariya daga rana kullum, tsufan fatarsu bai kai na sauran ba da kashi 24 cikin 100. Macen da ke wuni gaban tirenta daga hantsi zuwa la'asar, ga ƙurar hunturu ga zafin bazara, rumfa da mayafi da man kaɗe sun fi mata amfani da kwalba mai tsada. Man kaɗe ba ya goge tamoji, amma yana hana fata bushewa, kuma busasshiyar fata ita ta fi nuna layi.

Inda tsoronmu yake shi ne haɗe-haɗe. Mai saye tana son ganin canji cikin mako guda, melatonin kuwa ba ya wannan aiki. Sai masu haɗa mai a ɗaki su zuba magungunan bilicin, su manna takarda mai sunan da ke tashe. A duba bayan kwalba: in an ga hydroquinone, clobetasol ko mercure, wato zaiba, a aje. Clobetasol maganin likita ne mai ƙarfi. In aka daɗe ana shafa shi, fata takan yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsage jiki, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba kuma tana lalata ƙoda, tana kai wa ga jaririn da ke ciki ko wanda ke shan nono. Ke nan man da aka saya don gudun tsufa shi ke kawo shi da wuri. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a 2023.

Mai tebur, hajiya, ke aka sani, ba kamfanin ba. In fuskar maƙwabciyarki ta ƙone, ƙofarki za a buga. Kada ki saro robar da ba ta da sunan kamfani, jerin abin da ke ciki da ranar lalacewa. Kada ki shanya kayan a rana, zafi yana ɓata mai tun bai fita hannunki ba. Mai ciki ko mai goyo in ta zo neman man tamoji, tura ta farmasi ko wurin lokotoro, domin akwai magungunan tamoji na gaske, irin su tretinoin, da aka hana mai ciki shafawa.