Mudun Awon Murya

Manomin da ya murɗa rediyonsa a Makoda ko Koguna don ya ji sanarwar taki ko ta allurar rigakafi ba ya ganin inda aka shirya muryar nan. In ta zo masa a dagule, sai ya ɗora wa batir laifi, alhali kuwa sau da yawa tun daga ɗakin ɗaukar murya ɓarnar ta faro. Tun daga 1944 da aka kawo rediyo mai waya Kano, zuwa 1962 da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, sana'ar nan ta yi ta bunƙasa, har ga shi yau samari sun cika birnin Kano da ɗakunan ɗaukar waƙa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa malamai da akawuna abin da ke ciki.

Lasifika iri biyu ce. Akwai ta biki, wadda aka ƙera don ta ƙawata murya, ta ƙara mata kauri. Akwai kuma ta awo, wadda injiniya ke saurare da ita yayin da yake gyara. Ita wannan, abin da ake nema gare ta shi ne kada ta yi ƙari ko ragi, watau matsayinta kamar na mudu ne a kasuwar hatsi. A 1975 injiniyoyin BBC a Ingila suka fito da wata ƙarama, LS3/5A, don motocinsu na ɗauko labari. A 1978 kuma kamfanin Yamaha na Japan ya yi NS-10, wadda masu gyaran waƙa suka so ta saboda ba ta rufa wa aibi asiri.

To, amma mudu komai kyaunsa, in an karkata shi awo ya ɓaci. Da farko, sai a aje lasifikun biyu yadda nisan da ke tsakaninsu zai zo daidai da nisan kowace zuwa kan mai saurare, misalin ƙafa 4 ko 5, kamar duwatsun murhu. A juyo fuskokinsu gare shi, ƙaramin bakin da ke fid da siririn amo yana daidai da kunnensa.

Sa'an nan a janye su daga bango, balle kusurwa, gama can amo mai kauri ke kumbura. Injiniya ya ji kauri ya yi yawa, ya rage, ashe ɗakin ne ya ruɗe shi. Muryar ta isa ƙauye a rame. Bangon siminti kuwa yana mai da amsa-kuwwa, maganinsa labule mai nauyi da katifu a gefen hagu da dama. Lalle kuma a duba wayoyi, don in aka juya na lasifika ɗaya, kauri zai ɓace, murya ta ƙi tsayawa tsakiya. A daidaita ƙarfin biyun, kada a cika ƙara, gama kunnen da ya yini cikin amo mai ƙarfi yakan gaji ya daina rarrabewa, in abin ya daɗe har ya kurumce.

Daga ƙarshe, in an gama gyara, sai a sake saurare da ɗan ƙaramin rediyo mai baki ɗaya ko wayar hannu, irin wanda mutumin Makoda ke rataya wa a reshe yana noma. In kowace kalma ta fita a nan, aiki ya yi.

Muna jan hankalin malamin da zai kai yara su ɗauki wasan kwaikwayo, da akawun da aka aika da sanarwar hukuma, kada su karɓi aiki sai an yi musu wannan gwaji a gabansu. Sanarwar da talaka bai ji ranarta da wurinta ba, kuɗin jama'a ne aka zubar. Tun ran gini, tun ran zane.