Ministoci Biyu, Gajimare Ɗaya

Ranar Asabar 13 ga Fabrairu 1960 ta faɗo a tsakiyar Sha'aban. A Cheberu da sauran garuruwan ƙasar Gwandu lokacin hunturu ne, leɓe na tsagewa, magidanci na lissafin geron azumi. Da ƙarfe bakwai da minti huɗu na safiyar nan, can arewa, nisan fiye da kilomita 1,500, kusa da garin Reggane a hamadar Aljeriya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kan wata hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 100. Ƙarfinsa ya ninka wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima kusan sau huɗu. Ko gizau ba a ji ba a nan.

Amma duk wanda ya taɓa share tsakar gida da hunturu ya san daga inda ƙurarmu take zuwa. Shugabannin lokacin ma sun sani. Tun a Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi Faransa ta fasa, Shugaba de Gaulle ya yi kunnen ƙashi. Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransawa da ke Gana. Da aka tayar da bam na uku ranar 27 ga Disamba 1960, Nijeriya, wadda ba ta cika wata huɗu da samun 'yanci ba, ta ce tura ta kai bango. Ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya tattara ya-nasa-ya-nasa, ta kuma hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. Mutumin da ake wa kallon mai sanyin hali, shi ya yi wannan.

Sai bayan fiye da shekara hamsin, a 2014, jaridar Le Parisien ta buga taswirar sojojin Faransa da aka daɗe ana ɓoyo. Kwana ɗaya bayan bam na farko burbushinsa ya isa Njamena, kwana huɗu yana Bamako, mako biyu ya leƙa gaɓar Sifaniya. Ɗauko taswira ka duba su wa ke zaune tsakanin Njamena da Bamako.

Labarin da nake son bayarwa kuwa ya faru ne bayan Faransa ta ji matsi ta koma gwaji a ƙarƙashin ƙasa. Ta zaɓi In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, garin da 'yan cirani daga ƙasar Hausa suka sani sarai. Akwai wani ƙaton dutse a wurin mai suna Taourirt Tan Afella. Injiniyoyi suka huda shi, suka yi rami mai zagaye a ƙarshensa kamar kwanson katantanwa, suka ajiye bam a can ƙurya. Dabarar ita ce, girgizar fashewar za ta rufta ramin tun kafin gubar ta samu hanyar fita, dutsen ya haɗiye abinsa.

Ranar 1 ga Mayu 1962 aka shirya gwajin da suka raɗa wa suna Béryl. Saboda sun amince da dabararsu, har manyan baƙi aka gayyata kallo. Akwai Pierre Messmer, ministan sojoji, wanda shekaru uku kacal kafin nan shi ne babban wakilin Faransa a Dakar, Nijar na ƙarƙashinsa. Akwai Gaston Palewski, ministan binciken kimiyya da harkokin nukiliya. Sojoji da ma'aikata wajen dubu biyu na wurin.

Da hantsi aka danna. Ƙasa ta motsa, dutsen ya yi fari da ƙura, 'yan kallo suka fara murna. Can sai wuta ta tsillo daga bakin ramin kamar bakin zugazugin maƙeri, narkakken dutse na biye, sannan wani baƙin gajimare ya turnuƙe ya haura sama. Ramin bai rufta a kan lokaci ba. Iska kuma ta juyo da gajimaren wajen mutane. Nan fa ido ya raina fata. Manyan hafsoshi da ƙananan sojoji aka shiga rige-rigen mota, kowa ta kansa yake. A sansani aka yi layin wanka, ana dirza jiki da sabulu, ana kara wa mutum na'urar awo, in ta yi kuka ya koma ƙarƙashin famfo. Minista ma sai da ya tuɓe. Wasu sojoji tara da aka bari a bakin aiki su suka fi kowa sha, aka kwashe su zuwa asibitin soja na Percy kusa da Paris.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk tsoron nan babu wanda ya ji zafi a jikinsa. Tururin nukiliya ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya ƙaiƙayi. Me ke nan suke gudu?

Jikin mutum gini ne na ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani zare da aka naɗe, wanda in da za a warware shi zai kai mita biyu. Shi ne DNA, wanda yanzu aka fi saninsa wajen rigimar wane ne uban yaro. A jikinsa aka rubuta umarnin ƙwayar da haruffa huɗu kacal: yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, wane aiki za ta yi. Zaren kuma tufka biyu ne, irin igiyar rama, kowane sili na ɗauke da abin da za a iya gane ɗan'uwansa da shi. Shekara tara kawai kafin Béryl, a 1953, aka gano wannan siffa tasa, ko da yake tun 1927 Hermann Muller ya nuna cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana jirkita gadon halittar ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace.

Tururin da ke fitowa daga bam yana da ƙarfin fizge ɓangaren duk wata ƙwayar zarra da ya gifta. Wani lokaci ya sari zaren kai tsaye. Sau da yawa kuma ruwan da ke cikin ƙwayar yake farfasawa, tun da fiye da rabin jikinmu ruwa ne, gutsattsarin ruwan su zama masu cin duk abin da ke kusa da su, su afka wa zaren. In sili ɗaya ya tsinke, da sauƙi. Ƙasar Gwandu ƙasar marubuta ce, an san yadda malami ke yi in gara ta ci shafi: sai ya ɗauko ɗaya kwafin ya yi muƙabala ya cike gurbin. Haka ƙwaya take yi, kuma ba yau ta fara ba. Ko babu bam, kowace ƙwaya tana gyara dubban irin waɗannan ɓarna kullum. Matsalar ita ce in silin biyu suka tsinke a wuri ɗaya. Babu kwafin dubawa a kusa, sai ƙwayar ta kama bakin nan da bakin can ta ƙulla cikin gaggawa. Wani ƙullin ya yi daidai. Wani a yar da 'yan haruffa. Wani kuma a ƙulla bakin wannan zare da na wani daban.

Daga nan hanya ta rabu. In tururin ya yi yawa a lokaci guda, ƙwayoyi sukan mutu da yawa, kuma waɗanda suka fi saurin rabuwa su ke fara tafiya: na ɓargo masu ƙera jini, na bangon hanji, na tushen gashi, na maniyyi. Shi ya sa ake ganin amai da gudawa, gashi na zuba, jini ya ƙi tsayawa, ƙaramin ciwo ya kayar da ƙato. Ana auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni, milisibat. A shekara guda mutum na shan kimanin 2.4 daga ƙasa da iska da abinci, haka Allah ya yi duniya. Sojojin nan tara sun sha wajen 600 a yini ɗaya, rabon shekara 250 ke nan. In aka kai 4,000 zuwa 5,000 ba magani, rabin mutanen ba sa tashi. Wannan raunin na ƙwaya mai saurin rabuwa shi likitoci suka juya ya zama magani. Gashin da ake yi wa mai ciwon daji a asibitin koyarwa na Sakkwato saran zare ne da gangan, an dai saita shi a kan ƙarin. Hoton ƙirji kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milisibat ba, don haka kada wani ya karanta wannan ya ƙi zuwa hoto.

Ɗaya hanyar ta fi mugunta don a ɓoye take. Ƙwayar ba ta mutu ba, ta rayu da ƙulli a karkace. In aka yi rashin sa'a ƙullin ya faɗa kan umarnin da ke ce mata ta daina rabuwa, sai ta haifi 'ya'ya masu irin kuskurenta, su ma su haifa, wasu kurakuran su taru a kai. Mutum na noma, yana aure, yana aurarwa, bai san komai ba. A Hiroshima sankarar jini ta fi tsananta bayan shekara shida zuwa takwas, sauran nau'o'in dajin kuma sai bayan shekara goma, ashirin, har arba'in.

Ga kuma ƙurar kanta, wadda wanka ba ya raba mutum da ita in ta riga ta shiga ciki. Jiki ba ya bambance sinadari mai tururi da lafiyayye. Sitironciyam ya yi kama da sinadarin gina ƙashi, sai jiki ya kai shi ƙashi ya ajiye dab da ɓargo. Aidin mai tururi kan sauka a ciyawa, saniya ta ci, ya fito a nono, ya taru a ƙullutun wuyan nan da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Ta wannan hanya dubban yara suka kamu da dajin wuya bayan hatsarin Chernobyl na 1986. Gaskiya dai, abin da ya iso ƙasar Hausa a 1960 ya riga ya tsarma cikin iskar dubban kilomita, bai kama ƙafar abin da mutanen Reggane da makiyayan Buzaye suka sha ba. Su ne ba a gaya wa komai ba. Da Faransawa suka tashi a 1967, bayan gwaji 17, sun binne motoci da kayan aikin da suka gurɓata a cikin rairayi, mutanen yankin kuma suka riƙa tono wayar tagulla da ƙarafa suna kai wa gida da kasuwa. Duk ɗan gwangwan zai gane wannan. Wa zai ga tagulla a yashe ya wuce?

To, mu koma kan ministocinmu. Gajimare ɗaya ya bi ta kansu, rana ɗaya. Palewski ya mutu a 1984 da sankarar jini, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa yana kan cewa ranar In Ekker ce ta ci shi. Messmer kuwa ya zama firaminista a 1972, ya rubuta littattafai, ya mutu a 2007 yana da shekara 91. Wa ke da gaskiya game da ciwon Palewski? Shekarunsa 83, kuma tsofaffin da ba su taɓa ganin hamada ba ma suna kamuwa da wannan ciwo. Likita zai iya buɗe ƙwayar dajin ya ga inda aka ƙulla zaren a karkace, amma ƙullin ba ya ɗauke da hatimin wanda ya yi saran. Kimiyya na iya cewa cikin mutum dubu da suka sha kaza za a samu ƙarin masu daji kaza. Ta nuna wane da wane ne, wannan ya fi ƙarfinta.

In minista mai likitoci da takardu ya mutu da zato kawai, ina ga makiyayin da ba a taɓa rataya masa na'urar awo ba, wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita? Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya, wadda ake kira da sunan ministan tsaro na lokacin, Hervé Morin. Mai nema sai ya kawo hujjar cewa yana wurin a shekarun da aka ƙayyade, kuma ciwonsa na cikin jerin da dokar ta lissafa, duk a takardun Faransanci. Zuwa 2021 an biya ɗaruruwan mutane, akasarinsu tsofaffin sojojin Faransa da mutanen tsibiran Folinisiya, inda aka mayar da gwajin daga 1966. Daga cikin mazauna Aljeriya kuwa, zuwa lokacin mutum ɗaya ne ya karɓa.