Yadda ake sayar da manhajojin kyauta a kasuwannin gwanjo na intanet

A shafukan gwanjo na intanet irin su eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a shekarar 1995, akan ci karo da tallar faifan CD ko fulash mai ɗauke da manhajar rubuta takardu, ko ta gyaran hoto, ko ta tace sauti, a farashi mai rahusa. Mai tallar yakan ce kayansa za su maye gurbin Microsoft Office ko Photoshop. Sai kaya sun iso hannu mai saye ya tarar ashe LibreOffice ce ko GIMP ko Audacity, manhajojin da kowa zai iya saukewa daga shafukan masu su ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba.

Duk wanda ya ji wannan zai ce damfara ce tsantsa. Sai dai a mafi yawan lokuta sayarwar kanta ba ta saɓa wa doka ba. Laifin yana wajen ɓoye wa mai saye ainihin abin da ya biya kuɗi a kansa.

Abin da lasisi ya halatta

Tushen lamarin yana komawa ga wani Ba'amurke masanin kwamfuta, Richard Stallman, wanda ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, ya kuma kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985. A 1989 ya fitar da lasisin da ake kira GPL. Lasisin ya bai wa kowa damar amfani da manhaja, da nazarin rubutun da aka gina ta da shi, da gyara ta, da kuma raba ta ga wasu. Bai hana karɓar kuɗi ba, domin 'yancin mai amfani ya kare, bai yanke farashi ba. GIMP da Audacity da Blender duk a ƙarƙashinsa suke, ita kuwa LibreOffice tana da wani lasisi mai irin wannan sassauci.

Shi kansa Stallman ya sayar da kwafin manhajarsa ta Emacs a kan dala 150 ga masu so a aika musu ta gidan waya. A shekarun 1990, lokacin da intanet ke tafiyar hawainiya, kamfanoni da dama sun rayu a kan sayar da faya-fayan Linux. Kamfanin Red Hat, wanda ya taso daga wannan sana'a, shi ne IBM ya saya a 2019 a kan dala biliyan 34.

Hatta hukumomi sukan rikice. A 2006 wani jami'in Gidauniyar Mozilla ya bayar da labarin yadda ofishin kula da ƙa'idojin ciniki na wani gari a Ingila ya ci karo da faya-fayan Firefox da ake sayarwa, ya yi zaton sayarwar ta saɓa wa lasisi. Da aka tuntuɓi Mozilla, sai ta ce idan akwai waɗanda aka ƙwace a mayar wa masu su, domin lasisi ya yarda.

Misalin ya yi kama da na mai ga-ruwa. Ruwan famfon unguwa na kowa ne, amma wanda ya ɗebo ya turo kura har ƙofar gida ya cancanci ladan wahalarsa. Idan kuwa ya ce ruwan daga rijiyarsa ya fito, ko ya rantse babu irinsa a ko'ina, to ya bar sana'a ya shiga yaudara.

Inda ake ƙetare iyaka

Lasisin GPL yana da sharuɗɗa. Dole mai sayarwa ya bar sunayen masu haƙƙin mallaka yadda suke, ya haɗa kwafin lasisin a cikin kayan, ya kuma bai wa mai saye hanyar samun rubutun asali na manhajar. Ba shi da ikon hana wanda ya saya ya raba wa wasu. Wanda ya karya waɗannan sharuɗɗa ya rasa izinin rabawa, ya zama mai keta haƙƙin mallaka.

Akwai kuma batun suna da tambari, waɗanda dokarsu daban take. Mutum na iya samun damar raba manhaja, amma wannan bai ba shi damar nuna cewa shi wakilin masu ita ne ba.

Masu ci da gumin wasu sukan bi wata dabara, su sauya wa manhajar suna don kada mai saye ya gano ta. Gidauniyar Blender da ke ƙasar Holan ta taɓa gargaɗin jama'a kan wasu da suke sayar da manhajarta ta zanen hotuna masu motsi da sunayen 3DMagix da IllusionMage. Haka masu FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, suka fitar da sanarwa kan waɗanda suke sayar da ita da sunaye irin su Flight Pro Sim.

Ya kamata a san cewa ba kowace manhajar kyauta ce ke da irin wannan lasisi ba. Wasu kamfanoni suna bari a sauke kayansu kyauta amma sun taƙaita rabawa da sayarwa. Haka lambobin buɗe Windows ko Office da ake tallatawa da arhar banza wani babi ne daban, domin su kayan kuɗi ne tun asali, kuma kamfani na iya toshe lambar da aka samo ta bayan fage.

Wa ke cutuwa?

Na farko mai saye ne. Sau da yawa tsohon kwafi ake ba shi, wanda ba shi da gyare-gyaren tsaro na baya-bayan nan, kuma ba shi da tabbacin ba a cusa masa wata muguwar manhaja a ciki ba. Ga ɗan kasuwar da ke ajiye lissafin bashi a kwamfuta, ko ma'aikacin da ke riƙe da takardun ofis, wannan asara ta fi ƙarfin kuɗin faifai.

Na biyu su ne masu ƙirƙirar manhajar, waɗanda akasarinsu 'yan sa-kai ne. Kuɗin ya shiga aljihun wani, amma ƙorafi da zagi su ake kai wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hana sayarwar baki ɗaya kuwa bai zama magani ba. A 2022 Microsoft ya sanar da dokar hana karɓar kuɗi a kantinsa na manhajoji kan duk manhajar da ake samu kyauta a wani wuri. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy da wasu suka yi ca, domin akwai masu ƙirƙira na gaskiya, irin su masu manhajar zane ta Krita, da suke sayar da kayansu a can don su biya ma'aikata. Daga baya kamfanin ya janye wannan sashe.

Abin lura ga mai saye

A Najeriya ma ana biyan kuɗi a shagunan Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas don a sanya wa mutum manhaja a waya ko kwamfuta. Idan manhajar mai buɗaɗɗen lasisi ce, kuma mai shago ya faɗi gaskiya, kuɗin aiki da na data ya karɓa, cinikin kuma halal ne.

Kafin a biya, a tambayi ainihin sunan manhajar da kamfani ko gidauniyar da ta yi ta, a kuma nemi sunan a intanet. Idan mai talla ya ƙi faɗin suna, ko hotunan tallarsa sun yi kama da na wata sananniyar manhaja, a ja da baya. Wanda yake da data ya sauke kai-tsaye daga shafin masu ita, inda zai samu sabon kwafi. Idan kuma yana son ya saka da alheri, a shafukan LibreOffice da Blender da GIMP akwai hanyar bayar da gudummawa, wadda ke isa ga mutanen da suka yi aikin.