Kafin ka sa wa kekenka kai mai ƙahon rago, ka san waɗannan abubuwa

Da yawa daga cikin matasanmu a Legas da Ibadan suna sayen keke na hannu, wanda ake kira tokunbo, sai su ce za su mayar da shi keken tsere. Su cire miƙaƙƙen kai, su sa lanƙwasasshe mai kama da ƙahon rago, sannan su nemi hannun nan da ya haɗa birki da canjin giya wuri guda. Kamfanin Shimano na Japan ne ya fito da irin wannan hannu a 1990. To amma fa ba kowane ne ke shiga kowane keke ba, kuma kuskure a nan ya wuce asarar kuɗi.

Na farko, kaurin ƙarfe. Inda ake ɗaura hannun a kai mai lanƙwasa milimita 23.8 ne, na miƙaƙƙen kai kuwa 22.2. Shi ya sa tsofaffin hannuwan birkinka ba za su shiga sabon kan ba. Ka duba tsakiyar kan ma, inda wuyan keke ke riƙe shi: na zamani yawanci 31.8 ne, tsofaffi 25.4 ko 26.

Na biyu, birki, kuma nan ne haɗarin yake. Hannun keken tsere waya kaɗan yake ja, alhali birkin nan mai siffar V da ke kan tsofaffin kekunan hawan dutse da yawa yana buƙatar ja mai tsawo. Idan ka haɗa su, sai hannun ya taɓo ƙarfe keken bai tsaya ba. Ka yi tunanin hakan a gaban danfo! Idan kuma birkin mai aiki da mai ne, kada a gauraya: Shimano yana da nasa man, na SRAM na keken tsere kuwa DOT yake sha.

Na uku, giya. Ƙirga farantan haƙora da ke tayar baya. Idan tara ne, hannun ma dole ya zama na tara, domin kowane danni akwai iya wayar da yake ja. A kayan Shimano, daga giya tara zuwa ƙasa hannun tsere na aiki da abin canza kaca na baya na keken dutse, amma daga goma ba sa jituwa. Haka nan hannun Campagnolo ba ya tafiya daidai da kayan Shimano.

Saboda haka kada ka sayi hannu a hoto kawai. Tura keken zuwa wurin mai gyara, a auna, a ƙirga, a gwada birkin a gabanka. Sau da yawa idan ka tara kuɗin kai, hannuwa, wayoyi da birki, gara ka ƙara kaɗan ka sayi keken tseren gaba ɗaya.